Salamar da Aune Ta Hana Yayanta

Mu nan ƙauyen Kurkioja gaisuwarmu iri biyu ce, kuma tun yaro bai iya ɗaura igiyar takalmi ba yake sanin bambancinsu. Mai bi, wato ɗan ikilisiyarmu, in ya haɗu da mai bi, sai ya miƙa masa hannu ya ce, “Salamar Allah.” Sauran jama'a kuwa, irin su mai kawo wasiƙa da likitan shanu da baƙon da ya zo daga Helsinki awon daji, “barka da rana” ake ce musu a wuce. Shekara ashirin da shida Aune tana ce wa yayanta Kauko “barka da rana”. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, kuma babu abin da ya raba gidajensu sai gonar dankali da wata 'yar gada.

Ranar Litinin da hantsi, tana cikin fitar da burodi daga tanderu, waya ta yi ƙara. Sirkka ce, 'yar Kauko, wadda ke aure a ƙasar Suwidin.

“Gwaggo, jiya na iso. Baba yana asibitin gari, ɗaki na huɗu. Likita ya ce kwanaki ne suka rage, ba makonni ba.”

“Ya tambaye ni?”

“Bai tambayi kowa ba, ai kin san halinsa. Ni ce dai nake gaya miki, don kada gobe a ce ban faɗa ba.”

Aune ta ajiye wayar ta zauna a kan benci, tsumman kama burodi yana hannunta. Ta san abin da ke gabanta, don ta fi shekara ashirin tana tsara shi a ranta in tana wanki ko tana tatsa. Abu biyu ne kawai. Ta gaya masa cewa ita ce ta kai maganarsa, sannan ta miƙa masa hannu ta yi masa gaisuwar da ta hana shi. Kullum cewa take yi sai an gama girbi, sai sanyi ya wuce, sai an yi bikin wance. To yanzu ga shi likita ya yanke mata rana.

Abin ya faru ne a shekarar da Vieno, matar Kauko, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Mace mai surutu da dariya, ta koma kwance a ƙuryar ɗaki, ba magana, ba tashi, sai kallon bango. Watan farko 'yan'uwa masu bi sun yi zarya, ana kawo miyar kifi, ana yin waƙoƙin yabo a bakin gadonta. Da sanyi ya yi ƙarfi, hanya ta cika da ƙanƙara, sai ƙafa ta ɗauke. Kauko kuwa dole ya fita daji saran itace tun duhu bai washe ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke leƙo ta, wadda ba mai bi ba ce, ita ce ta kawo tsohon talabijin ɗinta ta ce a riƙa kunna mata, ko ta ga fuskokin mutane.

A wurinmu kuwa, a lokacin, talabijin zunubi ne da ba a ko jayayya a kansa. Daga bagade, inda mai wa'azi ke tsayawa, aka faɗa, aka kuma maimaita: wanda ya shigar da shi gida ya buɗe wa duniya ƙofa.

Wata Juma'a Aune ta kai musu burodi. Kauko ya fita ɗebo itacen wuta, ita kuma ta shiga gaida Vieno, sai ta ga wani abu a kan akwatin kaya an lulluɓe shi da zane mai furanni. Ta ɗaga zanen. Jikin abin da ɗuminsa, an kashe shi ke nan da aka ji tafiyarta. Ta mayar da zanen da sauri, ta fito ta zauna. Kauko ya shigo ya zuba mata gahawa. Ta sha kofi biyu, ta yi masa zancen kajinta da suka daina ƙwai, ta ce “Salamar Allah”, ta tafi.

Aune ta san Littafi Mai Tsarki, ba a kai ta ba ma a cikin matanmu. Ta san wurin da Ubangiji ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi, ka fara zuwa wurinsa kai kaɗai, ba kowa sai ku biyu. Ita take koya wa yara wannan a makarantar Lahadi. Amma Kauko yaya ne, ya ba ta shekara bakwai, kuma bakinsa da kaifi. Tsoronsa ta ji, shi ke nan, babu wani dalili mai kyau da ya wuce wannan. Ranar Lahadi bayan sujada, mata suna wanke kofuna a ɗakin girkin gidan taro, ta matsa kusa da Rauha, matar Urho mai wa'azi, ta rage murya.

“Ba don komai nake gaya miki ba, 'yar'uwa. Don dai a sa shi a addu'a.”

Mu kam mun iya wannan. Da za a tara gulmar da aka yi a ɗakin girkin nan da sunan a sa mutum a addu'a, da ta fi wa'azin shekara hamsin yawa. Kafin Laraba maganar ta zaga ƙauye, ranar Asabar aka kira Kauko taron gyara, haka ake kiransa a lokacin. Aka zaunar da shi a gaban mutum sama da tamanin. Urho ya ce ya tuba, ya fitar da abin, a yi masa shelar gafara a wuce wurin.

Kauko ya tashi da hularsa a hannu. Bai kalli sashen mata ba ko sau ɗaya.

“Tambaya ɗaya gare ni,” in ji shi. “Wa ya zo wurina shi kaɗai kafin a tara mini gari?”

Aune tana benci na uku, idonta a kan littafin waƙoƙi.

“To ga tawa maganar. Ranar da ɗayanku ya zo ya zauna da Vieno daga safe zuwa la'asar, ranar zan jefa shi a kogi da hannuna.”

Urho ya ce wannan girman kai ne, mai zunubi ba ya gindaya wa ikilisiya sharaɗi. Aka yi ta yi da shi har awa uku, ya ƙi. Aka sanar cewa Kauko ya fita daga cikin masu bi. Da safiyar Litinin suka haɗu da Aune a ƙofar kanti, mutane suna tsaye. Ya miƙo hannu kamar kullum. Ta ƙanƙame jakarta da hannu biyu ta ce, “Barka da rana, Yaya.”

Vieno ta rasu bayan shekara ɗaya da rabi. Mako bai cika ba Kauko ya mayar wa ma'aikaciyar jinyar da kayanta, don shi bai taɓa zama ya kalla ba. Amma bai zo ya tuba ba, kuma ba wanda ya je wurinsa. Zamani ya juya, aka daina irin waɗancan tarurrukan, har wasu dattawa suka fara cewa a ɓoye wai an wuce gona da iri a lokacin. Jikokin Aune suna kallon abin da suka ga dama a kwamfuta, wai aikin makaranta. Gaisuwar ce kaɗai ta tsaya inda aka bar ta.

Ranar Talata ta hau bas ɗin safe, da burodi a jaka da kwalbar 'ya'yan itacen fadama da ta dafa da sukari. Duk tsawon hanya tana bitar maganar a ranta, har leɓenta na motsi.

Ɗaki na huɗu gado biyu ne. Kauko yana na kusa da taga, ya rame har hancinsa ya yi tsini. Da ta shiga sai ta duƙa tana fama da zif ɗin jaka, tana fitar da kaya tana jerawa a kan ɗan teburi, don kada a zo wurin gaisuwa tun yanzu. Ya bar ta ta gama.

“Auta,” in ji shi. “Kin tsufa fa.”

“Kai kuma ka zama saurayi, ko?”

“Me kika kawo? In burodinki ne, a kira likitan haƙori tukuna.”

“Shekara nawa rabonka da cin burodina, da za ka san taurinsa?”

“Ashirin da shida,” in ji shi, ba tare da ya yi wani lissafi ba.

Ta ja kujera ta zauna. Sai a lokacin ta lura da ƙarar da ke tashi ƙasa-ƙasa a ɗakin. A bango, sama da ɗaya gadon, talabijin ne a kunne, wani mutum da farar hula yana yanka albasa. A gadon kuma wani tsoho ne a jingine da matasai, bakinsa ya karkace, hannu ɗaya a sake a kan bargo, ya ƙura wa mai yanka albasar ido. Sai da ta duba sau biyu ta gane shi. Urho ne. Ta ji labarin ciwonsa, har an sa shi a addu'a ranar Lahadi, amma ba wanda ya ce mata ɗakinsu ɗaya.

“Ga mai wa'azinku nan,” in ji Kauko. “Tun safe yake koyon miya. Jiya gasa kifi muka yi.”

“Yaya, ka ji tsoron Allah.”

“Ba dariya nake masa ba. In aka kashe, kuka yake yi. Haka Vieno take, na san abin. Shekaranjiya wata yarinya ta zo za ta kashe, ni na ce ta bar masa.” Ya yi tari, ya huta. “Matarsa ta sauka karɓo masa kunu. In kina da magana, ki yi ta yanzu.”

Duk abin da ta tsara a bas ya watse.

“Yaya, akwai wata magana. Tun lokacin can. Ranar da na kawo muku burodi, kai ka fita…”

“A baibai kika mayar da zanen.”

Ta ɗago ta dube shi.

“Furannin suna ciki, ɗinkin yana waje. Ina shiga ɗakin na gani. Na ce to, yau Auta za ta wanke ni tas. Na zuba miki gahawa, na zauna, har na shirya abin da zan ce miki. Da kin yi mini faɗa a ranar, wa ya sani, ƙila da na ce ki zo ki riƙa zama da ita ranar Talata da Juma'a, mu mayar wa matar nan da kayanta. Sai kika yi mini zancen kaji.”

Kunya ta rufe ta tun daga wuya har kunnuwa. Ashe shekara ashirin da shida tana ɓoye abin da mai shi ya sani tun kafin gahawar ta huce.

“Ka sani, kuma ba ka faɗa a taron ba?”

“In tona ki a gaban mutum tamanin, ban zo wurinki ni kaɗai ba? Ai da mun zama ɗaya.”

Wannan ta shige ta sosai, kuma da yake ita ma 'yar gidan ce, sai zafin ya fito mata ta baki.

“To ai ba ka zo ba. Kana ta kafa wa mutane aya, kai ma ba ka zo ba.”

“Na zo. Sati biyu bayan taron. Mijinki, Allah ya ji ƙansa, ya tare ni a bakin ƙofa ya ce kina kwance, alhali ina hango ki ta taga kina fere dankali.” Ya juya kansa wajen tagar. “Na sake tasowa bayan an binne Vieno. Na zo har kan gada, na tsaya, na ce don me kullum ni? Na juya. Girman kan da Urho ya ce ina da shi, ba duka ne ƙarya ba.”

Mai farar hula ya zuba albasarsa a mai.

Aune ta san yadda ake yi, tun tana yarinya take yi. In ka yi wa ɗan'uwa laifi sai ka ce, za ka iya yafe mini? Shi kuma ya ɗora maka hannu ya ce an gafarta maka cikin sunan Yesu da jininsa. Sau dubu ta faɗa wa mutane, sau dubu an faɗa mata, a kan ƙaramin tsaki da ƙaramar ƙarya. An koya mana cewa bakin mai bi ne kaɗai ke iya faɗin wannan ya karɓu. Amma a wannan kujerar ta ji cewa duk Kurkioja babu bakin da take bukatar ji daga gare shi sai na wannan tsohon da aka ce ba ya ciki. Ta matso da kujera, ta ɗora hannu a bakin gadon.

“Yaya, za ka iya…”

Ƙofa ta buɗe. Rauha ce, da kwanon kunu da cokali, ta rankwafa da tsufa amma idon nan nata yana nan yadda yake.

“A'a, Aune. Salamar Allah, 'yar'uwa.”

“Salamar Allah,” in ji Aune, har ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

Rauha ta ɗan karkata kai wajen taga. “Barka da rana, Kauko.”

“Barka kadai, Rauha. Kin makara, mijinki har ya kai ga zuba gishiri.”

Rauha ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ajiye kwanon, ta rage ƙarar talabijin ɗin kaɗan, amma ba ta kashe ba. “Masu jinya ne suke kunnawa,” ta ce wa Aune. “Ni ba ruwana da shi.” Sannan ta jawo hannun rigarta, ta yi raɗa irin ta tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi, wadda ake ji har waje. “Kin zo yi masa tayin tuba ne? Madalla. Har yanzu ƙofa a buɗe take. Kullum muna sa shi a addu'a.”

Aune ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta koma ta zauna. Minti arba'in suka yi, ita da yayanta, suna zancen rufin rumbunsa da ke yoyo da yawan sauron bana, Rauha tana ba Urho kunu cokali-cokali, kunnenta yana wajensu. Sau biyu Aune tana duba ƙofa, ko za a kira Rauha wani wuri. Ba a kira ta ba.

Bas ɗin komawa ƙarfe uku da minti goma yake tashi. Ta miƙe, ta saɓa jaka. Kauko ya zaro hannunsa daga cikin bargo da ƙyar, ya miƙo mata. Ta kama. Hannun ba nauyi, sai ƙashi da sanyi.

“Salamar Allah, Auta,” in ji shi.

Ba da raɗa ya faɗa ba. Ƙarar cokali a kwano ta tsaya.

Me tsohuwa 'yar shekara tamanin da kwanon kunu za ta yi mata? Ba komai. Rabon da a kori wani daga cikinmu an fi shekara ashirin. Iyakaci ranar Lahadi a ɗakin girki a ce Aune ta ba marar bi salama, a sa ta a addu'a, maganar ta kai kunnen ɗanta Jouko, wanda bara aka fara ba shi wa'azi a bagade. Shi ke nan abin da ke kan sikeli, kuma ta sani sarai a lokacin, ba daga baya ta gane ba. Kalmomi biyu ne, suna kan harshenta. Ta ji idon Rauha a ƙeyarta.

“Sai na dawo ranar Alhamis, Yaya,” in ji ta. “Allah ya ƙara sauƙi.”

Ya riƙe hannun na ɗan lokaci yana kallonta. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi. Sannan ya saki.

“To,” in ji shi. “Barka da rana, Aune.”

Tunda aka haife ta bai taɓa kiranta da sunanta ba.

A hanyar fita ta tsayar da wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta ko akwai ranar da Rauha, matar tsohon da ke ɗaya gadon, ba ta zuwa. Aka ce mata Alhamis, ranar take zuwa ganin likitan ido. Aune ta ji sanyi a ranta. Ranar Alhamis ba kowa, za ta faɗi duka, har da ƙari. Ranar Laraba ta yini tana shiri. Ta kwaɓa burodi da madara da man shanu don ya yi laushi, ta buɗe Littafi ta sake karanta wurin nan da ta haddace tun tana 'yar shekara tara, kamar wani abu zai canja a ciki.

Ranar Alhamis ta sauka daga bas ƙarfe goma saura. Sirkka ta tarar a zaune a barandar asibitin, da jakar kayan ubanta a kan cinya.

“Ƙarfe takwas da rabi ya cika,” in ji Sirkka. “Na kira gidanki, kin riga kin fito. Ya sha gahawa, ya ce a buɗe masa taga.”

“Ya bar wani saƙo?”

“Ya ce a kai wa maƙwabcin gadonsa Urho kwalbar da kika kawo, shi yana iya haɗiye abin da ke ciki.” Sirkka ta dube ta, ido a bushe. “Saƙon me kike jira, Gwaggo? Ya ce mini kin zo kun yi hirar sauro.”

Aka kai ta wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, mai kyandir ɗaya da kujera ɗaya. An ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle, an haɗa masa hannuwa a ƙirji. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ta ɗauki lokacinta, ta ja ƙofa ta rufe.

To ga shi an samu yadda Littafi ya ce, ba kowa sai su biyu.

Aune ta ajiye jakar burodin a ƙasa. Ta ɗora hannunta a kan nasa.

“Ni ce na gaya wa Rauha,” in ji ta. “Za ka iya yafe mini?”

Ta jira, kamar yadda ake jira. Can cikin baranda wani yana tura keken abinci, kofuna suna kaɗawa.

“Salamar Allah, Yaya.”

Ta sake faɗa da ƙarfi, yadda ko mai nauyin kunne zai ji. Tana nan tsaye har ma'aikaciyar jinyar ta ƙwanƙwasa, ta leƙo, ta ce ta yi haƙuri, masu ɗaukarsa sun iso.